Sharar kasuwar kayan gwari ta fi ƙarfinmu: wa ke da alhakin kwashewa, kuma ina za a kai ta?

Sakataren 'Yan Gwari ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne sakataren ƙungiyar masu sayar da kayan gwari a wata matsakaiciyar kasuwa da ke cikin birnin Kano, kuma na zo neman shawarar waɗanda suka san harkar shara, ko a aikin hukuma suka san ta ko a sana'a. Kasuwarmu ba ta kama ƙafar 'Yan Kaba ba wajen girma, amma daga can muke saro yawancin kayanmu, saboda haka abin da muke zubarwa bai wuce wanda kowa ya sani ba: ruɓaɓɓen tumatir da tattasai, ɓawon albasa, ganyen kabeji da na latas, karyayyun kwanduna, tsofaffin buhuna, sai leda da robar ruwa waɗanda ba su ƙirguwa.

Bolarmu tana bakin ƙofar kasuwa, a kan wani ɗan fili da aka ware tun kasuwar ba ta cika ba, kuma a wancan lokacin filin yana isa. Yanzu kuwa, musamman daga Janairu zuwa Maris lokacin da tumatirin Kadawa da Kura yake cika gari har ya rasa mai saye, tulin yakan haura katanga ya gangara cikin kwata, ruwan da ke tsiyaya daga gindinsa kuma ya bi ta gaban rumfunan mutane. Muna karɓar kuɗin shara a wurin kowane mai rumfa da mai tebur, muna biyan masu share layuka da asuba su kai bola a baro. A nan aikin yake tsayawa, domin motar da ya kamata ta kwashe ba ta da tsayayyar ranar zuwa, sannan da dare mutanen unguwa suna turo yara su ƙara mana da sharar gidajensu.

A zaman da muka yi na ƙarshe kan mutane ya rabu uku. Wasu sun ce a riƙa cinna wa bolar wuta duk daren Juma'a. Wasu sun ce a ninka kuɗin shara mu ɗauki hayar tifa da kanmu. Dattawanmu kuma sun ce ba za su biya haraji sannan su sake biyan kuɗin aikin da harajin ya kamata ya yi ba, a kewaye wurin kawai a ci gaba da kai kuka. Damina tana ƙaratowa, kuma kwatarmu a cike take. Ina so a faɗa mini wanda doka ta ɗora wa wannan aiki, sannan a nuna mana abin da ƙungiya irin tamu za ta iya yi da ɗan abin da ke hannunta.

Tsohon Duba-gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Na yi aikin duba-gari har na ajiye, kuma mafi yawan shekarun a kasuwanni da tashoshin mota na yi su, don haka zan fara da tambayarka ta farko, tunda a kanta dattawanku suka tsaya.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai kafa kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kula da su, akwai kuma samar da makewayi na jama'a da kwashe shara. A takarda ke nan. A aikace, birnin Kano ya haɗe ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma shara ba ta san iyakar wata da wata ba, shi ya sa jiha ta kafa hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli, REMASAB, a 2003, ta riƙe manyan motoci da wuraren zubarwa. A 2021 gwamnatin jiha ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa, aka soke yarjejeniyar a 2022, aikin ya komo hannun hukuma. Sannan a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye. Saboda haka dattawanku suna da hujja, amma hujjar tana da ƙofa biyu, ta ƙaramar hukuma da ta jiha, kuma wanda ya tsaya a tsakiya yana kuka, kowace ƙofa za ta nuna masa ɗaya. Ku ɗauko rasitin da ake yanka muku, ku duba sunan da ke samansa. Wanda yake karɓar kuɗin rumfa shi ne farkon wanda za ku rubuta wa, a rubuce, da kwanan wata, da hoton bolar, kuma ku ba ɗaya ɓangaren kwafe. Ofis yana mantawa da wakilan da suka zo gaisuwa, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa tana zama a fayil, kuma ranar da kotun tafi-da-gidanka ta zo za ta ci tararku saboda ƙazanta, ita ce za ta tsaya muku.

Batun ƙonawa ku binne shi tun yanzu. Sharar gwari jiƙaƙƙiya ce, ba ta ci da wuta sai dai ta yi ta turnuƙa kwana da kwanaki, abin da yake ci a ciki kuwa shi ne leda da roba, kuma hayaƙinsu guba ne ga mai shaƙa, ya kuma sauka a kan kayan miyan da za ku sayar gobe. Ban da haka, wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba zai yarda a kwana da wuta a bakin kasuwa mai rumfunan katako da tamfol ba. Ban ce ƙona shara ce ta jawo waccan ba. Ina nufin a kasuwa wuta ba ta da ƙarama.

Abin da na fi so ka kai wa mutanenka shi ne wannan. A tsawon aikina ban ga kasuwar da ta kasa share gabanta ba. Ɗan kasuwa yana share bakin rumfarsa tun kafin ya buɗe, domin ya san mai saye ba ya tsayawa a ƙazanta. Inda ake faɗuwa kullum shi ne tsakanin bola da juji na ƙarshe, domin wannan zangon ne yake cin man dizal da taya da kuɗin direba da na masu lodi. Tsaftar ƙarshen wata, wadda asalinta ya koma zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980, ta koya mana fito da shara, ba ta koya mana kwashe ta ba. Sau da yawa za ka ga an yashe kwata ranar tsafta, an tara baƙin taɓo a gefen titi, ba a zo an ɗauka ba, ruwan sama na farko ya mayar da shi inda ya fito. Kasuwar da take samar da shara kullum ba za ta rayu da kwashewar wata-wata ba. Tumatir a zafin Kano kwana biyu ya ishe shi ya zama ruwa da tsutsa.

Saboda haka ina goyon bayan masu cewa a ɗauki mota, amma da sharuɗɗa. Kada ku biya kuɗin wata gaba ɗaya; ku biya a kan kowane sawu, bayan motar ta cika ta fita, kuma wani daga cikinku ya sa hannu. Ku tabbatar inda direban yake kaiwa, domin akwai masu karɓar kuɗi su juye a kududdufin da ya fi kusa ko a gefen hanyar bayan gari, kuma idan aka kama, sunan kasuwarku za a kira. Ku sa lokacin kwashewa ya zama bayan an tashi kasuwa ko kafin asuba, tunda da rana motocin kaya da 'yan dako ba za su bar tifa ta isa bola ba. Kuɗin shara kuma ku raba shi da asusun ƙungiya, ku liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita a allo duk mako inda kowa zai gani. Na lura ɗan kasuwa ba ya ƙin biya saboda yawan kuɗin. Yana ƙi ne idan ya biya jiya ya zo yau ya tarar da tulin yana nan. Kuma bai dace mai tebur da ke sayar da tsibin yaji ya biya daidai da dillalin da ake sauke wa mota guda ta kabeji ba. A ɗora wani abu a kan kowane kwando ko buhu da aka sauke, domin sharar tare da kayan take shigowa.

Kwatar kuwa kada ku jira kowa. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata atamfofi da shaddoji masu ɗimbin yawa, kuma abin da aka yi ta magana a kai bayanta shi ne magudanan da aka toshe da gine-gine da shara. Ku yashe taku kafin ruwan Yuni, ku kwashe taɓon a ranar, ku sa ragar ƙarfe a bakin da take shiga babbar magudana don ta tare leda.

Manomi daga Minjibir ya amsa:

Gaisuwa ga Malam Sakatare, da kuma Baba Duba-gari wanda ya yi bayani mai gamsarwa. Sai dai akwai wuri guda da nake ganin an tsallake, kuma shi ne ya shafe ni kai tsaye. Ana ta lissafin kuɗin da za a biya don a rabu da wannan kaya, alhali mu a nan ƙauye kuɗi muke biya don a kawo mana irinsa.

Ƙasar da ke kewaye da Kano an daɗe ana nomanta shekara bayan shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma abin da ya riƙe ta shi ne takin birni. Kakanninmu sukan kai itace da kara cikin gari a kan jakuna, su komo da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida. Daga baya tifa ta maye gurbin jaki, manomi ya riƙa biyan direba ya juye masa shara a gona da rani, ta sha rana, a baza ta kafin shuka. Har yau ana yi. Abin da ya ɓata cinikin shi ne leda. Yanzu idan aka juye maka tifa guda, sai ka ɗauki yara su yi kwanaki suna tsince leda da kwalba da batir da allurar asibiti, abin da ya rage kuma iska ta watsa shi gonakin maƙwabta. Leda a cikin ƙasa tana hana ruwa shiga, tana naɗe saiwa, tana kama garma, sannan dabba ta ci ta. Duk mahaucin da ke abbatuwa zai gaya maka irin ƙullin ledar da ake cirowa daga tumbin saniya, kuma dabbar da ta tara wannan a ciki sai ta yi ta ramewa mai ita yana ta sayen magani a banza.

Sharar kasuwarku ta fi ta unguwa daraja nesa ba kusa ba, domin kusan dukkanta abin da ƙasa za ta ci ne. Idan aka raba ta tun daga bakin rumfa, kashi uku za ta zama. Ganyen kabeji da na latas da na karas da bai ruɓe ba, masu kiwon tumaki da shanu a cikin gari za su zo da buhunsu su ɗauka a ranar, wasu ma su biya. Wanda ya ruɓe shi ne na taki. Leda da roba kuma su bi hanyarsu daban. Da zarar an haɗa ukun a baro ɗaya, an mayar da abu mai kuɗi ya zama abin da sai an biya a ɗauka.

Ina jan hankali a kan wani abu game da tumatir: fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Wanda ya ɗauki hayar tifa ya loda ɗanyen ruɓaɓɓen tumatir, ruwa ya saya wa dizal. Kuma idan aka tara shi shi kaɗai ba ya zama taki, sai ya dunƙule ya rasa iska ya yi wari. Dole a haɗa shi da busasshen abu. Alhamdu lillahi Kano ba ta rasa wannan ba: ga ɓuntun shinkafa a injinan casa, ga garin katako a wurin masu yankan katako, ga ƙaiƙayi, ga karyayyun kwandunanku da ciyawar da ake shimfiɗawa a cikinsu. Ana shimfiɗa busasshe, a zuba ɗanye a kai, a yayyafa kashin dabbobi, a sake rufewa da busasshe, har tulin ya kai ƙirjin mutum. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗauki zafi har ba ka iya barin hannunka a ciki, kuma wannan zafin ne yake kashe ƙwayar ciyawa da ƙwayoyin cuta da tsutsar ƙuda. Ana juya shi duk mako don iska ta shiga, idan ya bushe a yayyafa ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, warin ya tafi. Da tsadar takin zamani a yanzu, mai irin wannan ba zai nemi mai saye ba, musamman a wurin masu lambu.

Ban ce a yi wannan a cikin kasuwa ba, domin babu fili, kuma ɓera zai samu gida. Ku nemi manoma ko ƙungiyar masu noman rani da ke da fili a bayan gari ku yi yarjejeniya: ku ku ba da kaya marar leda, su su ɗauki nauyin mota ko rabin kuɗinta. Akwai kuma abin da ya kamata 'yan gwari su riƙa tunawa. Ruwan kwatocin tsakiyar birni rafin Jakara yake faɗawa, Jakara kuma ta bi ta gangara har madatsar Wasai a nan wajenmu, kuma a bakinta ake noman latas da alayyafo da kabejin da ake kawo muku. Abin da kuka bari ya bi kwata bai yi nisa da teburinku ba.

Hajiya Mai Abinci ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Ni abinci nake sayarwa a gefen wata kasuwa, kuma rumfata ba ta da nisa da bola, saboda haka abin da Malam Sakatare yake gani idan ya zo wucewa, ni a cikinsa nake wuni. Na karanta shawarar ɗan'uwanmu manomi, kuma ba na musun amfaninta, amma ina so a faɗi wanda zai yi rabon. A irin waɗannan shawarwari akan ce "a raba shara", a tashi taro, washegari aikin ya faɗa kan tsofaffin mata da yaran da ke share layuka, waɗanda suke tsintar ruɓaɓɓen kaya da hannu, babu safar hannu, babu takalmin roba, babu abin rufe hanci, kuma a kan ladan da aka saba ba su. Idan za a ƙara musu aiki a ƙara musu kuɗi da kayan aiki, kuma in takin ya fara kawo wani abu a ba su kaso a ciki. In ba haka ba, mako biyu za a yi a koma gidan jiya.

Rabon ma a wurin mai rumfa ya kamata ya fara, kuma ba zai yi ba sai an sauƙaƙa masa. Mutumin da masu saye suka yi wa layi ba zai tashi ya taka zuwa ƙarshen kasuwa don ya jefa leda ɗaya ba. A ajiye masa tsohon kwando na ɗanyen kaya da buhu na leda a gindin teburinsa, mai shara kuma ya ƙi ɗaukar kwandon da aka cakuɗa.

Sannan akwai abin da maza ba su cika kawowa a taro ba. Kasuwar da ba ta da isasshen banɗaki, bolarta ce banɗakinta, ko dai a tsuguna a bayanta da dare ko a ƙulla a leda a jefa. Ƙudan da ya tashi daga nan a kan tumatir da nama da abincina yake sauka, kuma kowa ya san yadda amai da gudawa yake yaɗuwa da damina. Ɓerayen da bola take tarawa su ne suke shiga buhunan garin kwaki da hatsi, ga zazzaɓin Lassa da ɓera yake yaɗawa, wanda ake ta gargaɗi a kansa duk rani. Manomin da za a kai wa irin wannan shara ma an cuce shi. Don haka a sa gyaran banɗaki da ruwan wanke hannu cikin lissafin kuɗin shara.

Game da mutanen unguwa, kada ku fara da faɗa. Matar da ta ba yaro bokitin shara da dare ba ta da wani wurin da za ta kai, kuma ita ce mai sayen kayan miyanku da safe. Ku je wurin mai unguwa da limami, a zauna, a amince ko dai gidajen su riƙa ba da wani abu a haɗa a biya mota, ko a samo musu mai kura da zai riƙa bi gida-gida. Bayan an yi wannan ne sa ƙofa da kwaɗo a bola zai yi ma'ana. In an kulle ba a ba su mafita ba, a cikin kwatar za su zuba.

Dilan Jari Bola ya amsa:

Ranka ya daɗe Sakatare, ni sana'ata sayen kayan bola, ina da sikeli da yara masu kawo mini kaya, don haka zan taƙaita a kan abin da na sani. Ƙarfe da alminiyam da tagulla ba za su kwana a bolarku ba ko kun so, domin akwai mai ɗauka tun kafin gari ya waye. Robar ruwa da ta lemo, fasassun bokitai da kujerun roba, tsofaffin takalman roba da kwali, duk ana saye a kan kilo. Ledar fiya wata ma ana saye idan an tara ta da yawa kuma a bushe, domin akwai masana'antu a Kano da suke niƙa roba su narka ta su sake yin wasu kayan. Amma kwalin da ya sha ruwan tumatir ya tashi daga kaya, ledar da ta cakuɗe da ruɓaɓɓen ganye kuma kuɗin wanke ta ya fi kuɗinta. Ke nan maganata da ta manomi ɗaya ce ta wannan fuska, ko da yake abin da yake so shi ne abin da ni ba na so.

Wadda ba ta da mai saye ita ce siririyar baƙar ledar da kuke ƙulla wa mutane kayan miya a ciki. Ba ta da nauyi, ba ta da tsafta, kuma ita ce ta fi yawa a kwata. Kada wani ya ruɗe ku cewa za ku samu kuɗi da ita. Maganinta kawai a rage bayar da ita. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san leda ba ta ɓace ba, domin doka ba ta aiki idan ba a ba mai saye abin da zai riƙe kayansa ba. Jihar Legas ta hana farin mazubin abinci na soso a farkon 2024. Ku a matakinku abin da za ku iya shi ne ku daina ninka leda biyu uku a kan cefanen da ɗaya ta isa, ku kuma ƙarfafa wa masu sayen sari su zo da buhu ko bokiti.

Roƙona shi ne kada ku kori yaranmu. Na san sunan da muka yi, kuma ban ce babu ɓata-gari masu cire murfin kwata da wayar wuta ba. Saboda su ne ma hukumomin Abuja suka sha hana 'yan bola yawo a cikin birnin. Amma in kun kore su za su dawo da dare su tone tulin su watsa shi. Ku zaɓi 'yan kaɗan ta hannun dilan da kuka sani, ku rubuta sunayensu, ku ba su riga mai alama, su riƙa zagayawa da rana suna karɓar buhunan roba da kwali daga rumfuna. Ba za ku biya su ba, kuma abin da motarku za ta ɗauka zai ragu.

Sakataren 'Yan Gwari ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa shugabanmu da wasu dattawa amsoshin nan, kuma maganar ƙonawa ta mutu a take. Batun ɗora kuɗi a kan kwando ne ya jawo gardama, domin dillalai sun ce kayan ba nasu ba ne, na manoma ne da fatake, kuma in aka matsa za su karkatar da motoci zuwa wata kasuwa. Sannan an tambaye ni abin da ban iya amsawa ba: idan muka fara biyan mota da kanmu, ba mu sauke wa hukuma nauyinta ke nan har abada ba? Baba Duba-gari, ina neman ƙarin haske a kan waɗannan biyun.

Tsohon Duba-gari ya sake amsawa:

Malam Sakatare, tsoron dattawanku yana da tushe, domin na ga inda hakan ta faru: ƙungiya ta fara kwashewa don taimakon kai, aka cire kasuwar daga jerin zagayen mota, harajin kuma bai ragu da ko sisi ba. Hanyar kauce wa wannan ita ce kada ku fara a ɓoye. A cikin takardar da za ku rubuta ku bayyana cewa za ku ɗauki nauyin sharewa da rabawa da fitar da ɗanyen kaya zuwa gonaki, ku nemi hukuma ta ɗauki ragowar da ba ya ruɓewa kuma ba ya sayuwa a ranaku sanannu, ta nuna muku jujin da aka amince a zuba, ta kuma turo katafila sau ɗaya ta kwashe tsohon tulin, tunda wannan ya fi ƙarfin cebur da baro. Buƙata ƙarama mai iyaka ta fi saurin samun sa hannu a kan kukan cewa a zo a gyara komai. Ku ajiye rasitin kowane sawun mota da kuka biya. Da su za ku nemi a rage muku wani abu daga kuɗin rumfa idan an zo sabunta shi.

Dillalai kuwa barazanarsu ba ta da nauyin da suke ba ta, muddin abin da aka ɗora ƙarami ne ƙwarai a kan kuɗin kwando, domin mota tana zuwa inda masu saye suke ne. Amma kada ku karɓa da hannunku a bakin ƙofa, za a ce kun kafa shingen haraji, kuma doka ba ta ba ƙungiya wannan ikon ba. Ku bar shugaban dillalai ya tara a cikin la'adarsu ya miƙa wa asusun shara duk mako, a rubuta a allon tare da na kowa. In sun ƙi kuɗi, ku ba su zaɓi na biyu: motar da ta sauke kaya daga Kura ko Garun Malam ba ta komawa da komai, sai ta koma da kwandunan ɗanyen shara zuwa filin manoman da kuka yi yarjejeniya da su. Ku gwada wannan a layin 'yan kabeji kaɗai na tsawon wata guda kafin ku faɗaɗa, domin shararsu ce ta fi sauƙin rabawa kuma masu kiwo sun riga sun san hanyar wurinsu.